Buzuzu Ya Je Maraɗi Ba Ƙafafu

A gindin wata bishiyar bedi da ke Magama, inda hanyar Jibiya ke shiga ƙasar Faranshi, nan na tsuguna da sifana na kwance wa Buzuzu ƙafafunsa. Faranshi muke kiran Nijar a wancan zamani, su kuma su ce da mu 'yan Ingilishi. Da hannuna na kwance su, ba wanda ya sa mini wuƙa a wuya, kuma har yau in na tuna sai in ji raina ya ɓaci kamar jiya aka yi.

Buzuzu na'ura ce mai tafiya da kanta, girmanta bai wuce akwatin kayan ɗan makaranta ba. Ni da abokina Lawwali muka ƙera ta a makarantar koyon sana'a da muke yi a Katsina. Injin waifa, wato abin share gilashi, na wata matacciyar mota ke jan ta, batirin babur ke ba ta wuta, sarƙar keke ke juya ƙafafun baya. Gurnanin da take yi in ta tashi ya sa 'yan ajinmu suka laƙaba mata Buzuzu, sunan ya bi ta, har muka koma ce mata shi. Wata makarantar sana'a a Maraɗi ce ta shirya gasa tsakanin ɗaliban ƙasashen biyu. Kowace ƙungiya mutum biyu ce. Na'urarku za ta ɗauki gwangwani cike da ruwa, ta ratsa fili a miƙe, ta hau wani katako ta sauka, ta taɓa bango, ta dawo da baya inda ta tashi, ba mai taɓa ta. Waɗanda suka ci, su biyun za a kai su ƙasar waje karatun injiniya.

Ni wannan gurbin shi ne komai nawa. Ni ne babba a gidanmu a Bugaje, idon mahaifina kuma ya fara rauni. Ya faɗa mini ƙarara cewa ba zai sake ni in je in yi wa wani ƙato leburanci a gareji ba alhali gonar gida na neman hannu. Karatun injiniya kaɗai ya yarda ya raba ni da fartanya. In ban samu ba, in dawo kafin ruwan shuka.

Rabon aiki muka yi. Lawwali ke da waya da makunni, ni ke da gangar jiki da ƙafafu. Da farko na ɗauka ƙafa ai ƙafa ce. Lokacin kuɗin mai ne, kantuna sun cika da kayan waje har ana tuntuɓe da su, malaminmu da ya kamata ya raka mu ma ya ajiye alli ya tafi kwangilar siminti. Na samo ƙafafun keken jarirai, farare tas, gwanin kyau. A kan simintin ɗakin aiki sai ka rantse mun gama cin gasa. Muna fitar da shi waje ya taka rairayi, sai suka nutse, Buzuzu ya tsaya wuri ɗaya yana ta gurnani. Na gwada boris zalla, irin wanda yara ke yin amalanke da shi, ya zame a kan katako ya dawo baya. Na gwada ƙafar baro, nauyi ya shanye batir kafin a je ko'ina.

Daga nan na haƙura da na kanti. Na tattara fasassun tukwanen alminiyam na kai wa mai zubin tukwane ya zuba mini faifai huɗu masu kauri. Na hau injin sassaƙar ƙarfe na makaranta, na yi ta fiƙe su a hankali har suka zo ɗaya, faɗin kowace kamar yatsu uku don kada yashi ya haɗiye ta. Na yanka tayar babur na naɗe su da ita. Wanda bai yi aikin ba ba zai gane ba, amma in ƙafar dama ta fi ta hagu da ko kaurin farce ne, na'ura ba za ta taɓa tafiya a miƙe ba, sai ta yi ta karkata kamar jakin da aka yi wa lodi gefe ɗaya. Da zare nake auna kewayen kowace. Sai in jiƙa su da ruwa in gangara su a kan siminti in bi sawun da ido. Na baya na ɗaure su tamau a kan sandar ƙarfen da sarƙa ke juyawa, na gaba kuma na sa musu sabon boris don su yi ta juyawa a sake. Sandunan duka biyu kaurin rabin inci ne, na kuma huda ƙafafun daidai wannan awo, ba sako-sako, ba matsi.

Lawwali ke riƙe mini bakin zaren in ina awo. Yakan ce, "Kai Isuhu, ko amarya ba a yi wa wannan gyara." Kwano ɗaya muke ci tun muna 'yan firamare a Jibiya, don a gidansu aka ajiye ni lokacin da Bugaje ba makaranta.

To, shi ne muna sauka daga mota a Magama ya riƙe mini hannu ya ja ni gefe.

"Ina za ka da shi haka ɗungurungum?"

"Ƙofar kwastan mana. Ba ga takardar gayyata ba?"

Ya yi dariya har da dafa cinya. "Wallahi baƙauye baƙauye ne. Dubi ƙafafun nan yadda suke walƙiya, ga sabon boris. Wa zai yarda ba daga kanti suka hito ba? Mu 'yan Jibiya a nan aka yanke mana cibiya. Ba a ƙetara iyaka da abu cikakke. Ɗan kasuwa in zai wuce da keken ɗinki, kai daban, ƙafa daban. Ka bi ƙofa da gangar jiki, kowa ya gani ya ce tarkace ne. Ni in bi masu jakai ta wajen Gangara da ƙafafun a cikin buhun gero. Mu haɗu tashar Ɗan Isa da azahar."

Gaskiya ne haka 'yan kasuwa ke yi, ni ma na sha gani. Amma raina bai so ba, don na san wahalar da na sha kafin su zauna daidai. Na ɗauki ƙusa na yi wa kowace alama a ciki, wadda ke gaba da wadda ke baya, ta dama da ta hagu, don kada su rikice mini wajen mayarwa. Na naɗe su a tsohuwar rigata na miƙa masa. Har ce masa na yi ya yi hankali da kansa, ƙafa ana sake wata.

A ƙofa na iske wani dogon jami'in kwastan, mutumin Filato, Hausarsa irin ta bariki. Ya leƙa Buzuzu ta sama, ya leƙa ta ƙasa, ya karanta takardata.

"Wannan mota ne ko rediyo? Ina ƙafa?"

Na yi ta kame-kame.

"Kayan 'yan makaranta ba ruwanmu da shi," in ji shi. "Da ka zo da shi yana tafiya, da ka kunna mun yi kallo. Wuce, Allah ya ba da sa'a."

Na wuce ina cewa a raina, ka ga tsoron Lawwali ya sa mu wahalar banza, bari mu haɗu in yi masa tsiya. A ɓangaren Faranshi ma 'yan duwan, wato kwastan ɗinsu, ko sauke mini kaya ba su ce in yi ba.

Na isa tashar Ɗan Isa kafin azahar, na sami inuwa na ajiye Buzuzu na zauna a kansa. Aka kira azahar, ba Lawwali. Aka kira la'asar, ba Lawwali. Duk ayarin jakan da ya ɓullo daga daji sai in miƙe in tare shi, in tambaya ko sun ga wani saurayi siriri mai tabo a goshi. Wasu su girgiza kai, wasu su dube ni sama da ƙasa su ja jakinsu, don a wannan hanya ba a son mai yawan tambaya. A masallacin tasha na kwana, Buzuzu a gefen kaina.

Da gari ya waye tsoro ya kama ni sosai. Ba ƙafafun nake tunani ba, wallahi, shi nake tunani. Na ce ko an kama shi, ko maciji, ko ɓarayin daji sun gan shi da buhu. Me zan gaya wa uwarsa? Na yi ta maza na tafi wurin jandarma, wato 'yan sandansu. Suka nuna mini benci a rana na zauna, suna ta Faransanci a tsakaninsu, ni ko kalma ɗaya ban tsinta ba. Da rana ta take wani daga cikinsu ya ce mini da Hausa ba su kama kowa ba, ba a kuma kawo musu labarin gawa ba, in tafi. A bakin ofishin nan na ɗaga hannu na yi wa Allah alkawari, in ya fito mini da Lawwali lafiya zan yi azumin godiya. Na kuwa yi shi daga baya, don da Allah na yi alkawarin, ba da wani ɗan banza ba.

Gasa saura kwana kaɗan, zama bai gan ni ba. Na bar saƙo wurin mai shayin tasha, na hau bayan wata babbar mota, kamiyo suke ce mata, tare da tumaki da buhunan albasa. Duk ramin da muka faɗa sai in rungume Buzuzu don kada ruwan batir ya zube. Wani rago ya yi ta tauna mini gefen riga har Maraɗi, ban ma iya korar sa ba, hannuwana duka biyu suna riƙe.

Maraɗi gari ne na Hausawa, amma ban taɓa jin baƙunci irin na ranar ba. Hausa ake yi, sai dai kowace magana da ɗan Faransanci a cikinta, in na yi tawa kuma sai a ce, "A'a, ɗan Ingilishi ne." Na naɗa gammo na ɗora Buzuzu a ka, na nufi kasuwa wajen masu kayan keke da babur. Tunanina shi ne in sami ko waɗanne irin ƙafafu in lallaɓa kafin Lawwali ya ɓullo.

A nan na koyi abin da ba a koya mana a aji ba. Mu da inci muka tashi, awon Ingilishi. Su kuwa milimita suka sani, awon Faransa. Duk boris ɗin da na ɗauka na gwada a sandata, ko ya ƙi shiga da ɗan kaɗan, ko ya shige yana lilo. Ɗan kaɗan ɗin nan kuwa shi ne komai. Na bi rumfa rumfa, layi layi, har masu rumfunan suka gane ni, in na doso sai su fara dariya. Wani dattijo ya ce mini, "Yaro, bar wahal da kanka. Rabin inci babu shi garin ga, ko na magani. Sai ka koma Ingilishi."

Wani kuwa mai zaƙin baki ya kira ni da kansa. Ya fito da boris biyu ya rantse da abin da zai kashe shi cewa irinsu 'yan Ingilishi ke saye, guduma kawai suke so. Na san ƙarya ne. Na sani sarai, ni da na yi wata da watanni ina wannan aiki. Amma wanda ya rasa mafita ba abin da ba zai gwada ba. Na saya, na ari gudumarsa, bugu na biyu boris ya tsage gida biyu. Na ce ya sake mini, ya ce shi lafiyayye ya sayar mini, wa ya ce in yi masa bugun maƙera? Mutane suka taru, kowa yana bayan ɗan garinsu. Na ɗauki kayana na bar wurin, idona ya cika da hawaye don takaici.

A bakin makarantar da za a yi gasar, lakwal suke ce mata, wata mata ke sayar da fura a ƙarƙashin rumfar zana. Na zauna na ce a dama mini. Tana jin maganata ta tsaya da ludayi a hannu.

"Kai, wannan bakin na wajen gida ne. Ɗan ina ne kai?"

"Bugaje, Gwaggo."

"Allahu akbar! Ni ɗiyar Riko ce, aure ya kawo ni nan. Ana nan ana noman gero a fadamar nan taku?"

Hajo sunanta. Ta dama mini fura da nono mai yawa, da yaji irin wanda mahaifiyata ke sawa, ta kuma ƙi karɓar komai. Kurɓa ɗaya na yi na ji Bugaje gaba ɗaya ta taso mini, na sunkuyar da kai ina kuka kamar ƙaramin yaro, gandamemen saurayi da ni. Ba ta ce mini in daina ba. Da na natsu na ba ta labari, ta tafa hannu ta yi salati, ta ce Allah ya tsare wannan abokin naka, ta kuma aika a yi cigiyarsa a tashoshin garin. A zauren gidanta na sauka.

Ita ce ta kai ni wurin maƙwabcinta masassaƙin turmi. Ya yanko mini faifai huɗu daga ragowar icce, ya gyara su da gizago iyakar iyawarsa. Muka sa ƙarfe a wuta muka huda tsakiyarsu, na naɗe su da tsohon tiyub. Mutumin ya yi ƙoƙari, Allah ya saka masa, amma gizago ba injin sassaƙa ba ne. Da na auna da zare, ba guda biyu da suka zo ɗaya. Na yi ta kankara da magagari, na cusa gwangwani a inda rami ya yi faɗi. Na gwada shi a tsakar gidan Gwaggo Hajo, ya tafi yana ɗingishi ya karkata hagu ya shiga akurkin kaji. Na kankare, na sake gwadawa, ya karkata dama.

Ranar gasa da hantsi na ɗauko shi muka shiga filin lakwal. An share wuri an ja layi da farar ƙasa, ga katako, ga bango, ga manyan baƙi a kan kujeru. Ɗalibai kowa na tsugune gaban na'urarsa. Ina neman inda zan ajiye tawa sai na hango tabon goshin nan.

Wallahi ban san lokacin da na dire Buzuzu na ruga ba. Na rungume shi ina cewa, "Alhamdu lillahi! Kana raye! Ina ka shiga, ɗan banza? Ka san irin neman da na yi maka?" Sai na ji jikinsa a sandare, bai rungume ni ba. Na ja baya na dube shi. Sabuwar riga ce a jikinsa, shuɗiya, iri ɗaya da ta wani saurayi mai ƙiba da ke tsaye kusa da shi. Na san yaron a labari, Sanusi ne, ɗan kawunsa, wani attajirin Maraɗi. A gabansu ga wata na'ura an shafe ta da shuɗin fenti, da sabon inji ɗan Faransa. Tana tsaye a kan ƙafafuna.

Duk da haka zuciyata ta nemar masa uzuri. Na ce ƙila ya neme ni ya rasa, ya ɗauka na koma gida, ya ga kada wahala ta tafi a banza. Na tsuguna na leƙa ƙarƙashinta. Ga alamun ƙusata, kowace ƙafa a mazauninta. Sai na duba inda ƙafa ta haɗu da sanda, ina neman gwangwanin da suka cusa ko wurin da suka kankare, don na san dole an yi dabara kafin ƙafar inci ta hau sandar milimita. Babu. Ta zauna ɗas, kamar tare aka haife su. Na kai yatsa na shafa sandar. Rabin inci ce. Fentin da ke jikinta ya daɗe da bushewa, har ya fara ɓarewa a wajen sarƙa.

Ni da na tattake kasuwar garin nan kaf, na san ba a Maraɗi aka samo wannan sanda ba, ba kuma cikin kwanakin nan aka ɗaura ta ba. An ƙera wannan na'ura ne tana jiran ƙafafuna, tun ina Katsina ina fiƙe su, shi kuma yana riƙe mini bakin zare.

Na miƙe. Na juya gare shi.

"Lawwali, tun yaushe?"

Bai kalle ni ba. "Isuhu, ka tsaya ka ji. Injinmu na waifa ba zai ja da nasu ba, kai ma ka gani. Injinsu ya hi namu, ƙafafunka sun hi nasu. In an rarraba kowa ya faɗi. Ni haɗawa na yi."

"Ka haɗa. To ni fa?"

"Gurbi biyu ne, ba uku ba. Kuma Sanusi jinina ne, kawu shi ya riƙe mu tun rasuwar baba. Mi kake so in ce mishi?"

"Ka ce masa a kwano ɗaya muke ci! Ka bar ni a tasha ina bin jakai ina tambayar gawarka, la'ananne!"

Na ɗaga murya har malamin da ke shugabantar gasar ya taso, mushe suke kiransa, wani baƙin mutum mai tabarau. Na faɗa masa ƙafafun nan nawa ne, ni na zuba su, ni na fiƙe su, a juya a ga alamata. Ya saurare ni tsaf, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya juya ga Lawwali ya ce, "Sace su ka yi?"

"A'a, mushe. Shi ya ba ni da hannunshi."

Mushe ya juyo gare ni. "Haka ne?"

"Haka ne, amma don ya ƙetare da su ne."

Ya ɗaga kafaɗa. Ya ce dokar gasa ba ta hana a samo ƙafa ko inji daga ko'ina ba, abin da ke tsakanin abokai kuma ba shi zai raba ba. In ina so in shiga ni kaɗai, an yarda. Da ya zo jawabin buɗe taro har yabon su ya yi, wai a dubi ɗan Ingilishi da ɗan Faranshi sun haɗa kai, irin zumuncin da ake nema ke nan. Aka yi ta tafi. Kai, duniya!

Da aka kira ni na ɗora gwangwanin ruwa na danna makunni. Wayar Lawwali ba ta ba ni kunya ba, inji ya tashi nan take. Buzuzu ya fita da ɗingishi, ruwa na fallatsa, ya yi 'yar tafiya a kan layi kamar abin kirki, sai ya fara karkata. Ya bar katakon a damansa, ya yi kwana, ya zagayo, ya sake zagayowa, ya je ya daki ƙafar kujerar wani babban baƙo, gwangwani ya kife a kan takalminsa. Filin nan ya ɗauki dariya, har da masu riƙe ciki. Muryar Gwaggo Hajo kaɗai na ji daga bakin ƙofa tana cewa, "Ku ji tsoron Allah, yaron ga shi kaɗai ne!" Na je na kashe shi na ɗauke.

Sannan aka kira su Lawwali. Na so in fita, amma na tsaya kallo. Na'urar nan ta tashi ta bi layi ɗoɗar, ta shiga yashi ta fita ko gezau, ta hau katako roba na kama shi, ta sauka, ta taɓa bango, ta dawo da baya a kan sawunta. Ruwan ko rawa bai yi ba. Abin da ya fi ci mini rai har gobe shi ne, lokacin da take hawa katakon nan na ji daɗi. Na ji kaina yana cewa, yawwa, haka na yi ku. Sai da aka ɗaga hannun Lawwali da Sanusi sannan na dawo hayyacina.

Ban sake yi masa magana ba, shi ma bai neme ni ba. Na bar wa Gwaggo Hajo Buzuzu, don ba ni da ƙarfin sake ɗaukar sa. Ta cika mini gora da fura, ta raka ni har tasha, ta ce in gaida mata duk wanda na gani ɗan Riko.

A Jibiya dole in ratsa kasuwa kafin in kai inda motar Bugaje ke lodi. Na sunkuyar da kai ina sauri, don a bakin hanyar nan mahaifiyar Lawwali ke da rumfar ƙuli-ƙuli, matar da ta yi mini wanka ta cire mini ƙaya ina yaro, wadda nake kira Inna kamar yadda yake kiran ta. Ban tsira ba.

"Isuhu! Isuhu! Za ka wuce ni?"

Na dawo na durƙusa na gaishe ta. Fuskarta cike da murna, labari ya riga ni isowa ta bakin direbobi. Ta kama kaina da hannu biyu tana sa mini albarka.

"Allah shi yi maka albarka, ɗana. Tun kaka Lawwali ke gaya mani kana can kana wahala, kana yi wa ɗan'uwanshi ƙafafu, ko hutu ba ka yi. Na ce ai Isuhu ba shi da kamar Lawwali. To, sun yi daidai dai ko?"

Na dubi tsohuwar nan. Ba ta san komai ba, kuma ba a bakina za ta ji ba.

"Sun yi daidai, Inna."

Ta ƙulle mini ƙuli-ƙuli a takarda ta tura mini a aljihu, ta ce in ci a hanya.

Da la'asar na isa Bugaje. Mahaifina na zaune a ƙofar gida yana sa wa fartanya ƙota. Ya ɗaga kai ya ƙura mini idon nan nasa mai rauni, ya ga hannuna ba komai, bai tambaye ni ba. Ya matsa mini a kan tabarma, ya ce hadari ya fara haɗuwa a gabas, gobe da sassafe za mu fita sharar gona.